Sharhi: Dawakin da ke Tsaron Sarkin Ingila, Daga Fagen Fama Zuwa Fagen Ado

Masu bin labarun duniya ta rediyo, da kuma waɗanda ke leƙa wayoyinsu na hannu, za su iya tuna abin da ya auku a birnin Landan da safiyar ranar Laraba, 24 ga watan Afrilun 2024. A wannan safiya ce sojoji shida suka fito da dawaki bakwai domin motsa jini kamar yadda suka saba, a wata unguwa da ake kira Belgravia, kusa da Fadar Buckingham. Suna cikin tafiya sai wasu magina suka saki ɓaraguzan gini daga sama, ƙarar ta firgita dawakin, suka zubar da mahaya huɗu, biyar daga cikinsu suka ɓalle suka faɗa cikin motoci. Wani ya yi karo da tasi, wani ya fasa gilashin motar safa, biyu kuwa suka yi ta sheƙa gudu har wajen mil biyar kafin a tare su a gabashin birnin. Hoton kilin nan mai suna Vida, jini ya wanke masa ƙirji da ƙafafu, ya zagaya duniya kafin azahar. An kai mutum huɗu asibiti, amma ba a yi asarar rai ba. Ba a cika wata uku ba, ranar 1 ga Yuli, wasu dawaki uku na wannan runduna suka sake ɓallewa a tsakiyar birnin.

Abin da ya biyo baya shi ne muhawara a tsakanin mutanen Birtaniya kansu. Wasu suna tambaya, me ƙasa ke yi da sojan doki a zamanin da ake yaƙi da jirage marasa matuƙa? Wasu kuma suna cewa ai waɗannan dawaki su ne fuskar ƙasar, duk wanda ya taɓa su ya taɓa martabar sarauta. Mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihin wannan runduna, wadda Turawa ke kira Household Cavalry, wato mahayan gidan sarki, domin kuwa tambayar da suke yi wa kansu ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kowace Sallah hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomi suna amsa irinta, ko da ba su furta ba, a lokacin da suke lissafin abin da za a kashe wajen fita hawa.

Asalin rundunar ya samo tushe ne daga wani mummunan rikici. A watan Janairun 1649 majalisar dokokin Ingila, wadda ta ci galaba a yaƙin basasa a ƙarƙashin jagorancin Oliver Cromwell, ta fille wa Sarki Charles na Ɗaya kai a bainar jama'a. Ɗansa ya tsere zuwa ƙetare, ya yi shekaru yana gudun hijira a Faransa da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita. A can ne, wajen shekarar 1658, 'ya'yan manyan gidaje da suka bi shi suka kafa wata ƙungiyar mahaya domin tsare ransa. Da aka mayar da sarauta, ya shigo Landan ranar 29 ga Mayun 1660 a matsayin Sarki Charles na Biyu, waɗannan mutane ne suka rufa masa baya. Daga nan aka samu rukunin farko, wanda har gobe ake kira Life Guards, ma'ana masu tsaron rai. Mutumin da ya ga abin da aka yi wa mahaifinsa ba ya buƙatar a gaya masa amfanin dogari.

Rukuni na biyu labarinsa ya fi ban mamaki. Sojojin doki ne da aka tara a 1650 bisa umarnin shi Cromwell ɗin, wato suna cikin rundunar da ta kori gidan sarautar. Maimakon sabon sarki ya watsa su baki ɗaya, sai a 1661 aka sake tsara su a ƙarƙashin wani basarake mai riƙe da sarautar Oxford, aka ce su yi wa sarki aiki. Saboda shuɗayen rigunansu aka yi musu laƙabi da Blues, wato shuɗaye. Sai dai an daɗe ba a ba su cikakken matsayin sojan gidan sarki ba, sai a 1820. Na uku kuma, waɗanda aka sani da Royals, a Afirka suka fara aiki. An kafa su a 1661 domin tsaron garin Tanja na ƙasar Maroko, wanda Sarkin Fotugal ya bai wa Charles a cikin garar auren 'yar gidansu. Sun yi shekaru sama da ashirin suna gwabzawa da mahayan Maroko, har Ingila ta gaji ta kwashe nata ya nata ta bar garin a 1684.

A farkon lamari, shiga rukunin masu tsaron rai ba aikin talaka ba ne. Ko da ƙaramin soja a cikinsu ɗan babban gida ne, kuma da kuɗinsa yake sayen gurbin. Wannan tsari ya yi ta lalacewa har ya zama mutane na sayen gurbi don alfahari kawai, ba su iya yaƙi ba. A 1788 aka rusa shi, aka mayar da su rundunoni biyu na sosai, aka fara ɗaukar 'ya'yan talakawa da na 'yan kasuwa. Tsofaffin 'yan gata suka ji haushi, suka riƙa yi wa sababbin ba'a da cewa masu sayar da cuku ne. Waɗannan masu sayar da cuku ne kuwa suka je suka yi abin kirki a Waterloo ranar 18 ga Yunin 1815, inda aka karya Napoleon na Faransa. A wannan rana ce Royals suka ƙwace tutar wata rundunar Faransa mai lamba 105, wadda ke da siffar gaggafa a bisa sandarta, kuma har yanzu magadansu na ɗaura alamar gaggafar a hannun riga.

Akwai wani ɓangare na tarihin da ba a cika faɗa wa 'yan yawon buɗe ido ba. Kafin a kafa 'yan sandan birnin Landan a 1829, waɗannan mahaya su ne ake turawa idan talakawa suka yi bore. An ture su a kan jama'a a tarzomar 1780, haka kuma a 1810, lokacin da irin saran da suka yi ya sa mutanen birni suka yi musu suna mahautan Piccadilly. A 1821, wajen rakiyar gawar Sarauniya Caroline, sun buɗe wuta suka kashe mutum biyu. Dattawanmu da suka ga zamanin En'e ba za su yi mamaki ba, don sun san cewa dogarin da a yau yake gyara wa sarki alkyabba yana cewa "hattara", kakansa shi ne ke kamo mai laifi, shi ne ke raka mai karɓar haraji da jangali, kafin a kafa 'yan doka, kafin kuma a haɗe su cikin 'yan sandan tarayya. Kayan ado na yau, a can da nan, da yawansu kayan tsoro ne na jiya.

Shi kansa adon da ake gani a jikin mahayan Ingila bai kai tsufan da mutane ke zato ba. Farantin ƙarfe mai walƙiya da suke ɗaurawa a ƙirji da baya, ba da shi suka yi yaƙin Waterloo ba. An sa musu shi ne a bikin naɗin Sarki George na Huɗu a 1821, shekara shida bayan an gama yaƙin. Kwalkwalin mai tsini da geza kuma a 1842 aka shigo da shi, ana danganta shi da Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria. Hanyar da ake bambance rukunonin biyu da suka rage a yau mai sauƙi ce: masu jar riga da farar geza su ne Life Guards, masu shuɗiyar riga da jar geza su ne Blues and Royals. A nan sai mu ce namu ya fi nasu asali. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, kuma don yaƙi ya shigo da su. Lifidin da ake fitowa da shi ranar hawa jikan wanda ya sha kibiya ne.

Bayan Waterloo rundunar ta yi fiye da shekara sittin ba ta fita yaƙi ba, har jaridu suka fara yi mata dariya cewa sojan kwalliya ce. A 1882 aka aika da ita Masar domin murƙushe boren Ahmad Urabi, inda ta yi wata shahararriyar sukuwa cikin farin wata a Kassasin, sannan ta halarci yaƙin Tel el-Kebir. Shekara biyu bayan haka aka tura wasu daga cikinsu Sudan, cikin rundunar da ta tafi ceto Janar Gordon wanda mayaƙan Mahadi suka yi wa ƙawanya a Khartum. Hamada ba ta san akawal na Ingila ba, saboda haka aka sauke su daga dawaki aka ɗora su a kan raƙuma. A Abu Klea, ranar 17 ga Janairun 1885, mutanen Mahadi da masu da takubba suka keta sahun Turawa, suka kashe Kanar Fred Burnaby na Blues, wanda a lokacin yana cikin fitattun sojojin ƙasar. Tawagar ta isa Khartum kwana biyu bayan an kashe Gordon.

Abin da ya kashe yaƙin doki dai abu guda ne a ko'ina, wato bindiga mai aman wuta. Mu ta riske mu a 1903. Ba mahayan fadar Ingila ne suka zo ƙasarmu ba, sojojin ƙasa ne 'yan Afirka a ƙarƙashin hafsoshi Turawa, amma da irin wannan bindiga suka zo. An ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, mahayan Kano a ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi karo da su a Kwatarkwashi aka kashe shi, Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, aka ƙare a Burmi cikin watan Yuli. Shekara goma sha ɗaya kacal bayan haka, abin da Turawa suka yi wa dawakinmu ya dawo kansu. A Yaƙin Duniya na Farko mahayan gidan sarki sun tsinci kansu a cikin ramuka, dawaki na ɗaure a baya. A Zandvoorde ta ƙasar Beljiyam, ranar 30 ga Oktoban 1914, Jamusawa suka shafe rukunoni guda guda daga cikinsu. Kafin a ƙare yaƙin a 1918 an mayar da su masu harba bindigogi masu aman wuta. A Yaƙin Duniya na Biyu sun tafi Falasɗinu da dawakinsu a 1940, amma a 1941 aka karɓe dawakin aka ba su motoci, da su suka yi yaƙi a Iraƙi da Siriya, kuma 'yan'uwansu masu motoci masu sulke suna cikin waɗanda suka fara shiga Brussels a watan Satumban 1944.

A wannan mahaɗa ce hanyarmu da tasu ta rabu, kuma nan ne muke son jami'ai su tsaya su duba. Mu da doki ya bar fagen fama, sai mahayinsa ma ya bar shi. Sarautun yaƙi irin su Madawaki da Sarkin Dawaki da Barde suka koma sarautun mulkin gunduma, hawa kuma ya koma na Sallah da na tarbar baƙi. Turawan mulki suka kawo kalmar daba daga Indiya suka laƙa wa babban taron da ake haɗa sarakuna, kamar wanda aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925, da wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, sannan bayan samun 'yanci aka yi na bikin FESTAC a Kaduna a 1977. Su kuwa mutanen Ingila sai suka raba rundunar gida biyu ba tare da sun raba mutanen ba. Ɓangare ɗaya yana Landan da dawaki, a barikin Hyde Park. Ɗaya ɓangaren yana tuƙa motocin yaƙi masu leƙen asirin abokan gaba, kuma a 2019 ya tashi daga Windsor ya koma Bulford. Soja guda yakan yi 'yan shekaru yana goge takalmi yana rakiyar sarki, daga nan a mayar da shi cikin motar sulke.

Wannan dabara ce ta hana a rufe su. Duk lokacin da ma'aikatar kuɗi ta ɗauko almakashi, suna da amsar bayarwa: sun je Falklands a 1982, sun je Bosniya, sun je Iraƙi a 2003, inda jirgin Amurka ya kai musu hari bisa kuskure ya kashe ɗaya daga cikinsu, sun kuma je Afganistan, inda Yarima Harry ya yi aiki a matsayin hafsan Blues and Royals daga ƙarshen 2007 zuwa farkon 2008. Amma ba su tsira kyauta ba. A 1922 aka haɗe rundunonin Life Guards biyu suka zama ɗaya. A 1969 aka haɗe Blues da Royals. A 1992, bayan ƙarewar yaƙin cacar baka, aka ɗaure ragowar biyun a ƙarƙashin shugabanci guda, kowa ya riƙe rigarsa da sunansa. Kowace haɗewa sai da aka yi kuka da ƙorafi, amma gwamnati ta nuna musu cewa ko su yarda a rage su, ko a shafe su. Yau sojojin ƙasa na Birtaniya gaba ɗaya ba su kai dubu 80 ba, saboda haka kowane mutum da ke riƙe da linzami sai an kare dalilin ajiye shi. Ko ɓangaren motocin ma bai huta ba. Sababbin motocin da ake kira Ajax, waɗanda aka ba da kwangilar guda 589 a 2014, sun yi shekaru suna jinkiri, har aka dakatar da gwajinsu a 2021 saboda ƙara da jijjiga suna cutar da kunnuwan sojojin da ke ciki.

Ba kuma za a ce aikin ado ba shi da haɗari ba. Ranar 20 ga Yulin 1982, ƙungiyar IRA ta Ireland ta dasa bom mai ƙusoshi a cikin mota a gefen Hyde Park, ta tayar da shi daidai lokacin da ayarin Blues and Royals ke wucewa zuwa canjin gadi. Sojoji huɗu da dawaki bakwai suka mutu. Abin da ya sa aka same su cikin sauƙi shi ne abin da ya sa ake sha'awarsu: kullum hanya ɗaya, lokaci ɗaya. Duk jami'in da ya taɓa zama taron tsara tsaron hawan Sallah ya san wannan matsala, don sarki ba ya canja hanyar da kakanninsa suka bi, kuma kowa a gari ya san ta. A Kano an dakatar da hawa a lokacin annobar korona a 2020, an kuma sake dakatar da shi a 2024 da 2025 bisa dalilan tsaro, alhali a watan Disamban 2024 ne hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su.

Yanzu bari mu shiga barga, don a nan ne ainihin aikin yake. Rundunar tana riƙe da dawaki sama da 200. Yawancinsu akawal ne, manya, kuma daga Ireland ake sayo akasarinsu. Masu busa ƙaho ne kaɗai ke hawan kili. Akwai kuma wasu ƙarti da ke ɗaukar tambura biyu na azurfa, waɗanda mahayinsu ke sarrafa su da linzamin da aka ɗaura a likkafa, tunda hannayensa biyu na kan kiɗa. Da yawa daga cikin samarin da ake ɗauka ba su taɓa hawa doki ba a rayuwarsu. Ana koya musu cikin wata huɗu zuwa biyar, daga hawa ba likkafa har zuwa hawa da cikakkun kaya da takobi a hannu. Rundunar tana da likitocin dabbobi nata, da maƙeranta masu yi wa dawaki takalmin ƙarfe, waɗanda ke sauya shi bayan 'yan makonni saboda kwalta na cinye shi, da madunkan sirdi, da teloli, kuma dukkansu sojoji ne masu albashi da fansho. Duk shekara ana fitar da dawakin daga birni zuwa karkara su huta su ci ciyawa.

Akwai wata al'ada tasu da ya kamata ma'ajin kowace ƙaramar hukuma ya ji. A ranar babban fareti, a ƙarshen ayari za a ga maƙeran dawaki ɗauke da gatari mai walƙiya, gefe ɗaya tsini, gefe ɗaya kaifi. A zamanin yaƙi, tsinin na hutar da dokin da ya ji mummunan rauni ne. Kaifin kuwa na yanke kofato ne, domin kowane doki akwai lambarsa a jikin kofatonsa, kuma ba a yarda cewa doki ya mutu ba sai an kawo kofaton an nuna. Dalili shi ne an sha samun hafsoshi da ke sayar da doki su ce ya mutu, su karɓi kuɗin sabo. Har yanzu ana buga wa dawakin lamba a kofato. Wato tun ƙarnoni da suka wuce sun gane cewa doki dukiyar hukuma ce da ke da ƙafa huɗu, idan ba a rubuta ba sai ta yi tafiya. Haka nan faretin ƙarfe huɗu na yamma da ake yi kullum a ginin Horse Guards, ana ba da labarin cewa horo ne: wai a 1894 Sarauniya Victoria ta tarar da masu gadi suna shaye-shaye da caca da rana tsaka, ta ce a riƙa duba su kowace yamma har shekara ɗari. Shekara ɗarin ta cika a 1994, ba a daina ba.

A wurinmu ma akwai wannan tsari tun da daɗewa, ba Turawa ne suka ƙirƙiro shi ba. Shamaki shi ne mai kula da bargar sarki, akwai Sarkin Zagi, akwai Maja Sirdi, akwai Sarkin Lifidi, kowa da aikinsa. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ake danganta wa fara fita da dawakin zage. Inda gizo ke saƙa shi ne a wajen fada. Hakimi na da umarnin ya fito da tawaga, shi kuma ya juya kan dagatai, dagaci ya juya kan masu unguwanni da masu hali na ƙauye. Doki kuwa ba ya san Sallah ta wuce ba. Kullum sai ya ci dawa ko gero da dusa da harawa, a ba shi kanwa, a biya yaron da ke yi masa ciyawa, kuma duk manomi ya san abin da buhun dawa ya zama tun bayan cire tallafin mai a 2023. Ga dagacin da albashinsa bai taka kara ya karya ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Shi ya sa haya ta yawaita: ana saura kwana kaɗan a nemo doki, a nemo kayan aro, a ɗora yaron da bai san halin dabbar ba, a tura su cikin dubban mutane da ƙarar bindigogi. Idan dawakin Landan, da duk horon da suka sha, ɓaraguzan gini sun iya firgita su, to ba ma buƙatar dogon bayani a kan abin da dokin haya zai iya yi.

Ra'ayinmu shi ne, abin koyi a rundunar Ingila ba farantin ƙarfe ba ne, ba kuma tafiya a sahu ba. Hawanmu ya fi nasu rai, don na jama'a ne, kowace gunduma da kalarta da makaɗanta, kuma jafi gaisuwa ce tsakanin sarki da mutanensa, ba kallo ne da ake sayar wa baƙi tikiti ba. Abin koyi shi ne an san mai ɗaukar nauyin kowane doki daga ranar da aka saye shi har ranar da ya mutu. Babu abin da zai hana sashen aikin gona na ƙaramar hukuma, tare da ofishin hakimi, su riƙe rajistar dawakin gunduma, malamin dabbobi ya zagaya ya duba su kafin Sallah da kuma lokacin damina, sa'ad da ƙwari masu yaɗa cututtukan dawaki ke yawaita. Idan kuma ana fitar da kuɗin hawa daga asusun hukuma, to a rubuta shi da sunansa a cikin kasafi, kansiloli su gani, maimakon a ɓoye shi a ƙarƙashin wasu hidimomi. Dukawa masu ɗinkin kayan doki da maƙeran linzami da likkafa su ma suna tsufa, kuma shirye-shiryen koyar da sana'a da ake yi wa matasa ba kasafai suke tunawa da su ba.

Kada kuma a ɗauka cewa komai nasu daidai yake. A 1996 hukumar yaƙi da wariyar launin fata ta Birtaniya ta binciki wannan runduna ta same ta da nuna bambanci ga baƙar fata wajen ɗaukar aiki, abin kunya ga masu tsaron sarauniyar da ke shugabancin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Su ne fa suka raka keken doki da ya ɗauki Janar Yakubu Gowon a ziyararsa ta 1973, da Shugaba Shehu Shagari a 1981, da Janar Ibrahim Babangida a 1989. An samu sauyi daga baya, har a 2017 Sarauniya ta naɗa Manjo Nana Kofi Twumasi-Ankrah, haifaffen Ghana kuma hafsan Blues and Royals, a matsayin dogarinta na kusa, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami. Masu kare haƙƙin dabbobi kuma har yanzu suna cewa tsakiyar birni mai cunkoso ba mazaunin doki ba ne, kuma abin da ya faru a 2024 ya ƙara musu ƙarfin baki. An sha kawo shawarar sayar da barikin Hyde Park, wanda ke zaune a kan ɗaya daga cikin filaye mafi tsada a duniya, a mayar da dawakin wani wuri.

Uku daga cikin dawakin da suka ɓalle a watan Afrilun 2024 sun warke da wuri, har suka yi aiki a ranar bikin zagayowar haihuwar Sarki Charles na Uku cikin watan Yunin wannan shekara. Vida da Quaker, waɗanda aka yi wa tiyata, an kai su jinya wata gona a lardin Buckinghamshire, ta wata ƙungiyar agaji da aka kafa tun 1886 domin hutar da dawakin da suka gaji da aiki. A wannan gona ce Sefton, dokin da ya tsira daga bom ɗin 1982 da raunuka sama da talatin a jikinsa, ya ƙare kwanakinsa, ya mutu a 1993.